Kujerar da sai mutuwa ke ƙwacewa: yadda ake faɗa kan naɗin alƙali a kotun ƙolin Amurka

Wannan maganar a fadarmu ta Garin Malam ta taso, daren da kura ta ɗauke muna zaune a duhu sai jan gawayin shayi da hasken talho. Wani ƙanenmu da ke karatu a jami'a ne ya ce shi fa abin da ke burge shi da Amurka shi ne can kotu kotu ce, babu ɗan siyasar da ya isa ya sa mata hannu, ba kamar nan ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, ba ya zama da mu sosai sai dai in zafi ya kore shi daga ɗaki ya jawo tabarmarsa gefe. Sai ya yi dariya ya ce "ɗana, ka san Merrick Garland?" Yaron ya ce "a'a Baba." Ya ce "to je ka tambayi talhonka, in ka dawo sai mu yi magana." Ni na san labarin sama-sama daga rediyo, amma tun daga ranar na koma na bi shi daki-daki, kuma shi ne nake so in warware a nan, don mutane da yawa suna jin ana cewa an yi rikici a kan alƙali a Amurka amma ba su san mene ne asalin abin da ake ja a kai ba.

Sai an fara gane kujerar kanta tukuna. Kotun ƙolin Amurka alƙalai 9 ne, kuma duk wanda ya hau babu wa'adi, babu shekarun ritaya na dole, yana nan har ya mutu ko shi da kansa ya ce ya gaji. Clarence Thomas tun 1991 yake zaune a wurin, ka lissafa shugabanni nawa suka zo suka tafi ya na kallonsu. Shugaban ƙasa shekara 4 yake yi, in ya yi sa'a 8, amma alƙalin da ya naɗa yana ɗan shekara 48 ko 49 zai iya yin shekara 30 yana yanke hukunci a kan zubar da ciki, riƙe bindiga, baƙin haure, addini a lakkol, har da sakamakon zaɓe kansa. A 2000 ai wannan kotun ce, da alƙalai 5 a kan 4, ta tsayar da sake ƙirgan ƙuri'u a jihar Florida inda tazarar George Bush da Al Gore ƙuri'a 537 ce kacal, Bush ya zama shugaban ƙasa. To wanda ya san haka, in kujera ɗaya ta faɗi, ba zai ɗauke ta kamar naɗin wani darakta a minista ba.

Tsarin naɗin kuma a takarda gajere ne ƙwarai. Kundin tsarin mulkinsu ya ce shugaban ƙasa ne ke kawo suna, majalisar dattawa mai sanatoci 100 ta ba da shawara da amincewa. Shi ke nan. Bai ce cikin kwana nawa ba, bai ce dole sai an zauna an saurari mutumin ba, bai ce komai a kan shekarar zaɓe ba. Ko adadin 9 ɗin ma ba ya cikin kundin, doka ce ta majalisa, da 6 aka fara a 1789, an taɓa kai 10, sai a 1869 aka tsaya a 9. Duk rigimar da za ta biyo baya a cikin wannan shirun na kundi take zaune.

Ranar 13 ga Fabrairu 2016 aka wayi gari Antonin Scalia ya rasu a wani gidan gona a Texas yana da shekara 79. Scalia shi ne ginshiƙin masu ra'ayin riƙau a kotun, kuma da shi ɓangarensu ke da 5 a kan 4. Barack Obama ne ke mulki, saura masa kusan wata 11. Ma'ana in Obama ya cike gurbin, rinjayen kotu ya juya ke nan karon farko cikin shekaru masu yawa. Amma majalisar dattawa tana hannun ƴan Rifablikan tun zaɓen 2014, suna da kujera 54, shugabansu Mitch McConnell na jihar Kentucky. Ba a ma yi jana'iza ba, a ranar da aka sanar da rasuwar, McConnell ya fitar da sanarwa cewa bai kamata a cike gurbin ba sai an yi sabon shugaban ƙasa, wai a bar jama'a su faɗi ra'ayinsu ta akwatin zaɓe. Lokacin saura kwana 269 a yi zaɓen.

Obama bai kawo wani mai zafin ra'ayi ba. Ranar 16 ga Maris ya kawo Merrick Garland, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington, ɗan shekara 63, mutumin da aka sani da sassauci, wanda a 1997 sanatoci 76 suka amince da shi a waccan kotun har da ƴan Rifablikan da yawa. Kamar dai mai sayar da rago ne ya sauko da farashi tun kafin a taya, ya ce ga dattijo na kawo muku ba yaro ba, ba zai daɗe sosai a kujerar ba, kuma ku da kanku kun taɓa yabonsa. Ba su ce ba su so shi ba. Da sun kira shi sun yi masa tambayoyi sun jefa ƙuri'a sun kayar da shi, da babu wanda zai ce komai, ai haƙƙinsu ne. Abin da suka yi shi ne suka ƙi buɗe ƙofa kwata-kwata, babu zaman saurare, babu ƙuri'a, sunan na nan ajiye kwana 293 har wa'adin majalisar ya ƙare a Janairu 2017 takardar ta mutu da kanta. Duk wannan lokacin kotu na aiki da mutum 8, wasu manyan shari'u suka tashi 4 da 4, ciki har da shirin Obama na kare miliyoyin baƙin haure daga kora, wanda kunnen dokin ya sa ya tsaya cak.

Hujjar McConnell ba daga sama ya ɗauko ta ba, nan ne wayonsa yake. Sun tono wani jawabi da Joe Biden ya yi a watan Yuni 1992 lokacin yana shugaban kwamitin shari'a na majalisar, inda ya ce in gurbi ya samu a tsakiyar kakar zaɓe ya kamata Bush uba ya jira sai bayan zaɓe. Babu gurbin da ya samu a shekarar, magana ce kawai ta iska, amma magana zarar bunu ce, bayan shekara 24 aka ɗauko ta aka raɗa mata suna ƙa'idar Biden aka buga masa a fuska yana mataimakin shugaban ƙasa. Su kuma ƴan Dimokurat suka ce ai a Fabrairu 1988, shekarar zaɓe, majalisa tana hannunsu suka amince da Anthony Kennedy na Ronald Reagan da ƙuri'a 97 babu ko ɗaya da ya ƙi. Aka ce musu wannan gurbin tun 1987 ya samu ba a shekarar zaɓe ba. Haka dai, kowa ya shiga rumbun tarihi ya auno abin da ya dace da tukunyarsa.

Kuma caca ce McConnell ya yi, a tuna. A lokacin kusan kowa na ganin Hillary Clinton ce za ta ci, kuma da ta ci tana iya kawo wanda ya fi Garland ƙuruciya da zafi. Sai dai kujerar da aka bari a buɗe ta zama kayan kamfe. A watan Mayu 2016 Donald Trump ya fitar da jerin sunayen alƙalai 11 ya ce daga irin waɗannan zai zaɓa, kuma masu addini da yawa da halinsa bai kwanta musu ba suka toshe hanci suka zaɓe shi saboda kotu. Ya ci. Ƙarshen Janairu 2017 ya kawo Neil Gorsuch, ɗan shekara 49.

A nan sai na ɗan koma baya, don akwai wani abu da in ba a gane shi ba labarin ba zai zauna ba. A al'adar majalisar dattawan, marasa rinjaye na iya hana a kai ga jefa ƙuri'a ta hanyar ƙin rufe muhawara, sai an samu sanatoci 60 kafin a rufe. Wannan ya sa duk shugaban da zai kawo alƙali dole ya nemi wanda aƙalla wasu daga cikin ƴan adawa za su iya haɗiya. A Nuwamba 2013 ƴan Dimokurat ƙarƙashin Harry Reid, sun gaji da yadda ake tare wa Obama naɗe-naɗe, suka sauya ƙa'idar suka ce daga yau rinjaye kawai ya isa ga alƙalan ƙananan kotunan tarayya da ministoci, amma suka bar kotun ƙoli. McConnell ya gargaɗe su a lokacin cewa za su yi nadama kuma ba da daɗewa ba. Ramin mugunta dai a gina shi gajere. A Afrilu 2017 da ƴan Dimokurat suka tare Gorsuch don huce haushin Garland, McConnell ya ɗauki wannan wuƙar da Reid ya wasa ya yanke ragowar igiyar, Gorsuch ya wuce da 54 da 45. Daga ranar babu buƙatar lallashin kowa. Shekara ta gaba Kennedy ya yi ritaya, Brett Kavanaugh ya shiga da 50 da 48 bayan wata ƙazamar rigima da ta isa nata rubutun daban.

Sai 2020, inda abin ya zama kamar almara. Ruth Bader Ginsburg, tsohuwa ƴar shekara 87, jagorar masu sassaucin ra'ayi a kotun, ta sha fama da ciwon daji, ta rasu ranar 18 ga Satumba, saura kwana 46 zaɓe. Kafin ta cika ta bar wasiyya ta bakin jikarta cewa babban burinta kada a maye gurbinta sai an rantsar da sabon shugaba. To ku tuna mutumin da ya ce kwana 269 ya yi kusa da zaɓe. A daren da ta rasu McConnell ya ce wanda Trump zai kawo zai samu ƙuri'a a zauren majalisa. Ranar 26 ga Satumba Trump ya gabatar da Amy Coney Barrett, ƴar shekara 48, wadda ta taɓa yi wa Scalia aiki a ofishinsa. Ranar 26 ga Oktoba aka amince da ita da 52 da 48, kwana 8 kafin zaɓe, alhali miliyoyin mutane sun riga sun jefa ƙuri'arsu ta gidan waya da rumfunan zaɓen wuri. Babu ɗan Dimokurat ko ɗaya da ya zaɓe ta, a Rifablikan kuma Susan Collins ta jihar Maine ce kaɗai ta ƙi. Wata ɗaya cif aka gama abin da aka ce wata 10 ba su isa a fara shi ba.

Wanda ya fi ba ni dariya da tausayi a lokaci guda shi ne sanata Lindsey Graham, ɗan Rifablikan. A 2016 da bakinsa ya ce, kuma an ɗauka a bidiyo, in aka samu shugaba ɗan Rifablikan kuma gurbi ya faɗo a shekararsa ta ƙarshe, a bar wa shugaba na gaba, kuma a riƙe maganarsa a yi amfani da ita a kansa. Ya sake nanata irin ta a 2018. To a 2020 shi ne shugaban kwamitin da ya saurari Barrett ya tura ta gaba da gudu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. An yi ta yawo da bidiyon, kuma a wannan zaɓen mutanen jiharsa ta South Carolina suka sake zaɓensa hankali kwance, wanda wannan ma darasi ne a kan yawan nauyin da kunya ke da shi a sikelin siyasa.

Amma a yi adalci, McConnell yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce gaba ɗaya. Ya ce shi ƙa'idarsa ba wai ba a naɗi a shekarar zaɓe ba ce, a'a, in shugaban ƙasa da majalisar dattawa jam'iyyarsu daban to jama'a sun raba gardama biyu, sai a koma gare su su warware, kuma rabon da majalisar da ke hannun wata jam'iyya ta amince da alƙalin shugaban wata jam'iyya a gurbin da ya faɗo a shekarar zaɓe tun 1888. A 2020 kuwa duka biyun a hannunsu suke, a 2018 ma jama'a sun ƙara musu kujeru zuwa 53, to me za a jira? In ka cire kwalliyar, abin da yake faɗa shi ne in muna da ƙuri'un za mu yi, in ba mu so ba za a yi ba. Ni a ganina wannan ita ce gaskiyar tun 2016, kuma da ya faɗe ta haka tsirara tun farko da ya fi masa mutunci, maimakon ya jingina da jama'a. Su ma ƴan Dimokurat ba waliyyai ba ne, waɗanda a 2016 suke ihun majalisa ta yi aikinta su ne a 2020 suke ihun a jira jama'a, sai dai bambancin su sau biyu ana cinye su, kuma wanda aka cinye da ƙa'ida sannan aka sake cinye shi da kishiyar ƙa'idar dole kukansa ya fi ƙarfi. Ƴan Rifablikan kuma in ka matsa musu sai su ce ku kuka fara, a 1987 kuka yi wa Robert Bork, wanda Reagan ya kawo, kaca-kaca kuka kayar da shi 58 da 42. Kowa na da ranar da yake fara ƙirga laifi.

Don a ga nisan da aka yi: Scalia, mai tsananin ra'ayin riƙau, a 1986 da ƙuri'a 98 ya wuce babu wanda ya ƙi. Ginsburg a 1993 ta samu 96 da 3. Su biyun kuma duk da saɓaninsu aminai ne, iyalansu kan yi bikin sabuwar shekara tare. Mutuwarsu ce ta zama fagen daga.

Da na koma wa dattijon nan da abin da na tattaro, yana zaune ƙofar gida bayan la'asar yana gyaran eriyar ƴar rediyonsa da waya, na ce "Baba, to ai waɗannan sun fi mu rashin kunya." Ya ce "a'a, kai ma ka yi saurin yanke hukunci kamar ƙanenka. Faɗa mini doka ɗaya da suka taka." Na yi shiru, don babu. Ya ce to mu tuna namu.

Namu kuwa kowa a garin nan ya san shi, tun da a nan Damagaram aka fara rera waƙar tazarce, wajen aza harsashin matatar mai a Oktoba 2008. A 2009 marigayi Tandja Mamadou ya so ƙuri'ar raba gardama don ya ƙara shekara 3. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce ba ya halatta. Ranar 26 ga Mayu ya rushe majalisar dokoki wadda ɗan garin nan Mahamane Ousmane ke shugabanta. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen. Ƙarshen watan ya ɗauki ikon gaggawa, ranar 29 ga Yuni ya rushe kotun kanta ya naɗa wasu. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kawo ƙarshen zancen. A maƙwabta ma, ranar 25 ga Janairu 2019, saura ƴan makonni zaɓe, Buhari ya dakatar da alƙalin alƙalan Najeriya Walter Onnoghen bisa zargin ƙin bayyana kadara, Ibrahim Tanko Muhammad ya hau riƙo, gwamnati na cewa yaƙi da cin hanci ne ƴan adawa na cewa share fage ne. Buƙatar dai iri ɗaya ce ko'ina, mai mulki na son ya san wa zai riƙe usur kafin a shiga fili. Bambancin shi ne Tandja sai da ya fasa ƙofa kowa ya ji ƙarar, McConnell kuwa da makulli ya buɗe, makullin da kundi ya ba shi.

Abin da ya ba ni mamaki da na kwatanta shi ne a takarda tsarinmu ya fi nasu hankali. Kundin jamhuriya ta 7 na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin Yuli 2023, ya ba kotun tsarin mulki mutum 7, wa'adi ɗaya na shekara 6 ba a sabuntawa. Shugaban ƙasa mutum ɗaya kawai yake kawowa, ofishin majalisa ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu a cikinsu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya. Babu wanda ke jiran wani ya mutu. Jamus shekara 12 ne wa'adi ɗaya kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda, dole jam'iyyu su zauna su daidaita. Faransa shekara 9, ana sauya uku duk bayan shekara 3. Amurka kuwa abin ya dogara ne da ajali da lissafin tsofaffi. Jimmy Carter ya yi shekara 4 bai naɗa ko ɗaya ba, Trump a shekara 4 na farko ya naɗa 3. Ka yi tunanin kokawar takobi a ce alƙalan wasa har abada suke, kuma jihar da ke riƙe da takobi ranar da ɗaya ya mutu ita za ta kawo magajinsa, ai ranar da wani alƙali ya kwanta asibiti ba addu'ar samun sauƙi kowa zai yi ba. Wannan shi ne abin ƙyamar da tsarin ya haifar, manyan mutane masu digiri suna bibiyar sakamakon gwajin jinin wata tsohuwa kamar masu jiran gado. Ginsburg kanta an yi ta roƙonta ta sauka tun 2013 da 2014 lokacin Obama na da majalisa, ta ƙi, kuma har yau akwai masoyanta da ba su yafe mata ba. Alƙali Stephen Breyer, shi ma mai sassaucin ra'ayi, ya ga abin da ya faru, ya sauka a 2022 lokacin Biden na da rinjaye na ƙyar, Ketanji Brown Jackson ta gaje shi da 53 da 47. Wato yanzu alƙali ma sai ya duba kalandar siyasa kafin ya yi ritaya, a kotun da ake cewa ba ruwanta da siyasa.

Wani zai ce mu da ke fama da tsadar hatsi a kasuwar Dole me ya dame mu da wannan. To a Yuni 2018 kotun nan da 5 a kan 4 ta tabbatar da dokar Trump ta hana ƴan wasu ƙasashe shiga Amurka, yawancinsu na musulmi, jerin da Chadi maƙwabciyarmu ta taɓa shiga, daga baya a 2020 aka saka Najeriya a wani sashe nasa. Gorsuch na cikin biyar ɗin, a kujerar da Garland zai zauna. Ba zan rantse da yadda Garland zai yi hukunci ba, amma ƙuri'a ɗaya ce ta raba. A cikin gida kuma rinjayen ya koma 6 da 3, ranar 24 ga Yuni 2022 suka soke hukuncin 1973 da ya ba da ƴancin zubar da ciki a faɗin ƙasar suka mayar wa jihohi, kuma duka alƙalai ukun Trump na cikin waɗanda suka soke. Na san da yawa a cikinmu wannan hukuncin ya yi musu daɗi saboda addini, ni ma ba zan yi musu a kan haka ba, amma jin daɗin sakamako daban ne da yarda da hanyar da aka bi, don hanyar tana nan buɗe ga wanda zai zo gobe da abin da ba ka so.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba don yana goyon bayan ƙanen namu. Trump a Satumba 2020 ya faɗa a fili cewa yana son alƙalai 9 su cika saboda yana ganin zaɓen zai ƙare a kotun ƙoli. Ya faɗi zaɓen, jihar Texas ta kai ƙara tana neman a soke sakamakon jihohi huɗu, ranar 11 ga Disamba kotun ta yi watsi da ƙarar, kuma cikin ukun da ya naɗa babu wanda ya tsaya masa. Kujerar har abada ɗin da ke jawo faɗan ita ce kuma ke sa wanda ya hau ba ya tsoron wanda ya ɗora shi, ba ya jiran sabunta kwangila, ba ya neman muƙami na gaba. Abu ɗaya ne ke kawo cutar da maganin, shi ya sa gyaran ke da wuya.

Maganar gyara ana yinta. Wasu ƴan Dimokurat sun so a ƙara yawan kujerun tun da doka ce kawai, amma shugaba Franklin Roosevelt ya gwada a 1937 yana kan ganiyar farin jininsa, ƴan jam'iyyarsa ne suka taka masa burki, kuma kowa ya san in ka ƙara huɗu yau wani zai ƙara shida gobe. Shawarar da ta fi kama hankali ita ce wa'adin shekara 18, ana naɗa ɗaya duk bayan shekara 2, kowane shugaba ya samu biyu a zango, mutuwa ta fita daga lissafi. Biden ya goyi bayanta a Yuli 2024 bayan ya janye daga takara, lokacin da babu abin da zai iya yi a kai. Masana da yawa na ganin sai an taɓa kundin tsarin mulki, shi kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da jihohi 38 cikin 50, a ƙasar da ba a iya haɗa sanatoci 60 a kan mutum ɗaya. Kuma jam'iyyar da ke da 6 a hannu me zai sa ta yarda?

Tambayar da ta rage, wadda na yi wa dattijon, ita ce in nan gaba aka samu shugaba daga jam'iyya ɗaya majalisa daga ɗaya, gurbi ya faɗo ba a shekarar zaɓe ba, a ce shekara ta biyu ko ta uku, za a cike? Don McConnell da kansa a 2021 ya ce in suka karɓi majalisa da wuya su bar Biden ya cike gurbi a 2024, da aka tambaye shi 2023 fa, bai yi alkawari ba. Baba ya ce "to ka gani, shekara ɗaya ta zama biyu." Garland dai Biden ya ba shi ministan shari'a a 2021, ya yi shekarunsa ya sauka. Ƙanen namu kuma har yanzu yana nan a kan bakansa cewa ƙasar da alƙali zai iya juya wa wanda ya naɗa shi baya ya kwana a gidansa lafiya ta fi, Baba ya ce bai musa ba, ya miƙa masa rediyon ya ce ya duba masa ko batir ne ya mutu don tun jiya ba ta kama komai sai shuuu.